Gargaɗi Kafin Ruwa Ya Iso

Yau zan ba ku labarin wata ƙasa mai nisa, wadda ake kira Bangaladash. Tana gabas da Indiya, a bakin teku. Ƙasar kwari ce, koguna sun ratsa ta ko'ina.

A watan Nuwamba na 1970, lokacin ana kiranta Pakistan ta Gabas, wata babbar guguwa ta taso daga teku da dare. Ta koro ruwa ya hau kan ƙauyuka da gonaki. Mutum 300,000 ko fiye suka halaka. Ma'aikatan duba yanayi sun ga guguwar tun tana nesa, an kuma faɗa a rediyo. Amma mutane da yawa ba su da rediyo. Waɗansu sun ji, ba su gane nufin maganar ba. Waɗanda suka gane kuwa ba su da wurin gudu.

To, sai mutanen ƙasar suka yi wa kansu faɗa. A 1972 ƙungiyar agaji ta Red Cross ta fara zaɓen 'yan sa kai a ƙauyukan bakin teku, daga baya gwamnati ta sa hannu. Aka ba su rediyo da lasifika da jiniya da tutoci. In labari ya zo, sai su ɗaga tuta. Tuta ɗaya, a yi hattara. Tuta uku, kowa ya tashi. Sa'an nan su bi gida gida suna faɗa da harshen da kowa ke ji. Mutane kan yarda da su, gama 'yan garin ne, an san iyayensu. Aka kuma gina manyan ɗakuna bisa ginshiƙan siminti don fakewa. In lafiya lau ne, yara kan yi karatu a ciki.

Abin bai gyaru dare ɗaya ba. Guguwar 1991 ta kashe wajen mutum 138,000. Aka ƙara ɗakuna, aka ƙara 'yan sa kai, har da mata. Da wata babbar guguwa ta zo a 2007, waɗanda hukuma ta ƙidaya sun mutu wajen 3,400 ne.

'Yan'uwa, in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Mu ma kogi kan kawo mana ambaliya da damina, gobara kuma kan tashi da hunturu. Ku je wurin mai gari tun yanzu. A san wanda zai karɓi labari, da wanda zai yi shela, da tudun da za a nufa. A san mai ɗaukar tsofaffi da marasa lafiya. Magana ta fito daga baki ɗaya, gajeriya, ta gaskiya. Ku da kuka iya karatu, in takardar gargaɗi ta zo, ku karanta wa sauran. Allah ya kiyashe mu, amin.