Jawabin Magatakarda: Kafin Memba Ya Saka Wani a Ɗakin Ƙungiya



Mai girma shugaba, iyayenmu dattawa, Alhazai da Hajiyoyi, baƙinmu na Maraɗi da na Katsina da na Kano, 'yan'uwa membobi, barkanmu da ganin zagayowar ranar kafa wannan ƙungiya. Allah Ya jiƙan magabatanmu da suka assasa ta, Ya ƙara mana haɗin kai.

Kwamiti ya umarci ofishinmu ya yi bayani a kan ɗakunan kwana da shaguna da sito-sito da aka gina da kuɗin haɗin gwiwa, da kuma yadda memba zai ba wani hayar wurin da aka ba shi ba tare da ya taka doka ba.

Duk mun san abin da ya jawo maganar. A watan Agustan 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, ba a fara buɗewa ba sai Disambar 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Nijar aka sake rufewa, har zuwa Maris ɗin 2024. A waɗannan lokuta mai shago a wancan ɓangaren ya kasa zuwa, kuɗin wata kuma bai daina hawa ba. Da yawa sai suka miƙa makulli ga wani da baki kawai, don a rage asara. Ba mu ga laifin neman mafita ba. Amma maganar baki ita ke dawo mana ofis a matsayin rigima.

Tushen al'amarin shi ne, ginin na ƙungiya ne. Abin da memba yake da shi haƙƙin amfani ne, saboda hannun jarinsa da kuɗin da yake biya. Sunansa ne a littafi, don haka ko wa ya saka a ciki, shi za a tambaya. In ɗan hayar ya bar bashin wuta da ruwa, memba ne zai biya. In jami'an kwastan ko na duwan suka sami haramtaccen kaya a sito, wanda sunansa ke kan takardar wurin za su fara nema, ko da yana Dawanau ko Kwatano a ranar. Abin da zai kare shi takardu uku ne, kuma a jere suke zuwa.

Ta farko ita ce takardar izini. Memba ya rubuto wa kwamiti sunan wanda zai shiga, da kwafin katin shaidarsa, da irin kayan da zai ajiye, da tsawon lokacin, da kuɗin hayar. Kada a miƙa makulli sai amsa ta fito a rubuce da hatimin ƙungiya.

Wannan ba son mulki ba ne. A Nijar da Binin da Chadi da Kamaru ana aiki da dokar kasuwanci ta OHADA, wadda ƙasashe 17 suka yi tarayya a kanta, aka kuma sabunta ta a Lome ranar 15 ga Disambar 2010. Sashe na 121 na wannan doka ya hana ɗan hayar wurin sana'a ya ba wani hayar wurin, duka ko wani ɓangare, sai in takardar hayar ta asali ta ba shi dama. Ko ta ba shi, dole ya sanar da mai ginin a rubuce, in ba haka ba mai ginin bai san da zaman na biyun ba. Sashe na 122 kuma ya ce in kuɗin da ake karɓa daga na biyun ya fi na asali, mai ginin yana da ikon neman ƙari daidai da haka. Misali, kana biyan sefa 20,000 a wata, ka ba wani a 35,000, to ba ka da tabbacin cewa 15,000 ɗin nan naka ne kai kaɗai. Sashe na 133 ya ba mai ginin damar zuwa kotu a rushe hayar, bayan gargaɗin wata ɗaya, in an saɓa sharaɗi. A lura, wannan doka ta shago da sito ce. Ɗakin kwana yana bin dokar haya ta ƙasar da kuma tsarin mulkin ƙungiya.

Najeriya ba ta cikin OHADA. A can, abin da aka rubuta a takardar haya shi ake dubawa, kuma yawancin takardun suna hana saka wani ba da yardar mai gida ba. Sannan dokar mallakar ƙasa ta 1978, a sashe na 22, ta ce mai riƙe da takardar gwamna ba ya sayar da haƙƙinsa, ko ya jinginar, ko ya ba da shi haya ga wani, sai da amincewar gwamna. In ita ƙungiyar da ke riƙe da takardar fili tana da iyaka, ina ga memba mai ɗaki ɗaya?

Wani zai ce ai malamanmu na Malikiyya sun halatta ɗan haya ya ba wani haya. Haka ne, matuƙar wanda zai shiga ba zai fi shi cutar da wurin ba. Amma su malaman ne suka ce cika sharaɗin da mutum ya amince da shi wajibi ne, kuma kowannenmu ya sa hannu a tsarin ƙungiya ranar da ya shigo.

Takarda ta biyu ita ce yarjejeniya tsakanin memba da ɗan hayarsa. A rubuta ranar shiga da ranar fita, kuma kada wa'adin ya wuce na memban kansa, domin mutum ba ya ba da abin da ba shi da shi. A rubuta wanda zai biya wuta da ruwa da mai gadi, da lambar da mita ta nuna ranar shiga, da halin da ƙofa da rufi suke. A rubuta kuɗin ajiya da sharaɗin mayar da shi. A rubuta cewa ɗan hayar ba zai saka na uku ba.

Kuɗin haya kuwa a rubuta shi da lamba, a faɗi naira ce ko sefa. Kada a rubuta jaka. A Katsina jaka naira 200 ce, a Maraɗi jika sefa 1,000 ce. Tun da aka saki darajar naira a Yunin 2023 kun ga yadda canji yake tashi da sauka, don haka a tsayar da kuɗi ɗaya da za a riƙa biya da shi. Shaidu biyu su sa hannu. In takardar da Faransanci ko Turanci take, a karanta wa kowa fassararta da Hausa kafin ya dangwala. A yi kwafi uku, ɗaya ya zauna a ofis.

Takarda ta uku ita ce rasit ɗin haraji. Kuɗin haya kuɗin shiga ne, kuma hukuma tana da rabo a ciki a ƙasashen biyu. A Nijar ana kai takardar haya ofishin haraji a yi mata rajista. A Najeriya, inda doka ta wajabta, ana biya mata harajin kan sarki: in tsakanin mutum da mutum ne, a hukumar harajin jiha, in da kamfani a ciki, a ta tarayya. Takardar da ba a buga wa hatimin ba, kotu na iya ƙin karɓarta hujja sai an biya harajin da tarar jinkiri. In kamfani ne ɗan hayarka a Najeriya, yakan cire kashi 10 cikin 100 na kuɗin ya kai wa hukuma da sunanka. Ka nemi shaidar biyan, don a rage maka shi a lissafin harajinka. Shi kuma ɗan haya ya biya patantinsa da lambar harajinsa, ba da taka ba.

Iyayenmu mata da marayun membobin da suka rasu su ne suka fi cutuwa da hayar baki. Mai magana ya tafi, wanda ke cikin shago ya ce saya ya yi, magada kuma ba su da abin nunawa. Kwafin da ke ofis shi ne zai yi magana a madadin mamaci.

Saboda haka muna roƙon duk wanda a yanzu akwai wani a ɗakinsa ko shagonsa, ya zo ofis tare da mutumin a cike takarda. Gyara muke nema, ba tonon asiri ba. Wanda ke shirin tafiya mai nisa kuma ya nemi izini tun kafin ya ɗaura kaya. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah Ya sa albarka a kasuwancinmu, Ya tsare mu a hanya, Ya zaunar da ƙasashenmu lafiya.