Shanyewar Ɓarin Jiki da Fashewar Uwar Jijiya: Abin da Binciken Likitoci Ya Gano

Idan mutum yana cikin alwala, ko yana zaune a ofis, sai aka ga bakinsa ya karkace, hannu da ƙafa na gefe guda sun saki, magana ta sarƙe, Bahaushe yakan ce ya sami shanyewar ɓarin jiki. Wasu kuma su ce iska ce ta buge shi, musamman in a makewayi ya faɗi. In kuwa faɗuwar ta zo da ajali, sai a ce mutuwar fuju'a ce. Duk wanda ya dubi waɗannan sunaye da idon nazarin harshe zai ga abu guda ya haɗa su, watau kowannensu yana bayyana abin da ido ya gani ne a ranar da abin ya auku. Babu ko ɗaya da ya waiwayi shekarun da suka gabaci wannan rana. Maƙasudin wannan lacca shi ne a bi sawun binciken da ya mai da hankalin likitoci daga ranar faɗuwa zuwa waɗancan shekaru.

Ba Bahaushe kaɗai ya raɗa wa cutar suna ta wannan hanya ba. Sunan da Girkawa na dā suka ba ta ma'anarsa a buge mutum ya faɗi, kalmar da Turawan Ingila suke amfani da ita har yau ita ma bugu take nufi. Sai a shekarar 1658 wani likitan ƙasar Suwizalan, Johann Jakob Wepfer, ya buga littafi a kan gawarwakin da ya buɗe na waɗanda suka mutu ta haka, ya nuna cewa jini ne ya tsinke a cikin ƙwaƙwalwarsu. A yau an san cutar iri biyu ce: ko dai jijiya ta toshe jini ya kasa isa wani sashe na ƙwaƙwalwa, ko kuwa ta fashe jini ya malala a ciki. Na'urar awon ƙarfin jini da ake ɗaura wa mutum a damtse, Riva-Rocci ne ya ƙirƙiro ta a Italiya a 1896, sa'an nan Korotkoff na Rasha ya ƙara mata hanyar saurare a 1905. Daga nan ne ake samun lambobi biyu, ta sama lokacin da zuciya ta matsa, ta ƙasa lokacin da ta saki. Na lafiyayyen baligi yakan kasance wajen 120 bisa 80.

Samun ma'auni bai sa an gane abin da ake aunawa ba. Har zuwa tsakiyar ƙarni na 20 manyan likitoci da dama suna koyar da cewa jijiyoyin tsoho sun ƙandare, saboda haka tilas jini ya ƙara ƙarfi kafin ya ratsa su, wanda ya saukar da shi kuwa ya cuci majiyyaci. Sunan da suka ba irin wannan hawan jini ma yana ɗauke da kalmar da za a iya fassarawa da "na wajibi", kuma mutane da yawa sun ɗauki kalmar a kan zahirinta. Shugaban Amurka Franklin Roosevelt ya rayu a wannan zamani. An shekara da shekaru ana auna jininsa ana rubutawa, lambobin suna hauhawa, ba a kuwa da wani magani mai ƙarfi da za a ba shi. Ranar 12 ga Afrilu, 1945, yana zaune ana zana hotonsa a Warm Springs, ya ce kansa yana masa mummunan ciwo, ya suma. An auna jinin aka sami fiye da 300 bisa 190. Ya rasu a ranar yana da shekara 63, babban likitansa kuma ya shaida wa duniya cewa abin ya zo ne ba zato ba tsammani.

Shekara 3 bayan haka, a 1948, hukumar lafiya ta Amurka ta fara wani bincike a wani ɗan gari mai suna Framingham a jihar Massachusetts. Dabarar ba ta da wuyar faɗi, haƙurin aikata ta ne ke da wuya. An ɗebi mutum 5,209, maza da mata, akasarinsu lafiyarsu ƙalau, ana duba su duk bayan shekara 2: ƙarfin jini, kitsen da ke cikin jini, nauyin jiki, shan taba. Sai aka zauna ana jira a ga wa zai kamu da ciwon zuciya, wa zai shanye. A 1961 William Kannel da abokan aikinsa suka buga sakamakon da ya yaɗa wata sabuwar magana a aikin likita, watau abubuwan da ke ƙara wa mutum haɗarin kamuwa da cuta tun yana jin kansa garau. Hawan jini yana kan gaba a cikinsu. Binciken bai tsaya a kan waɗannan mutane ba, ya ci gaba a kan 'ya'yansu da jikokinsu.

Saura tambaya guda: in an saukar da jinin, za a tsira? Edward Freis ya amsa ta a 1967 a asibitocin tsofaffin sojojin Amurka. Ya raba maza 143 masu hawan jini mai tsanani gida biyu, aka ba wasu magani, wasu kuma ƙwayar da babu komai a cikinta. A cikin waɗanda ba su sami magani ba, 27 suka gamu da mummunar matsala, har da mutuwa. A cikin masu shan magani, 2 kacal. Dole aka tsai da gwajin aka ba kowa magani.

Akwai wata cutar kuma da ba a ware mata suna a Hausar yau da kullum ba, ita ma mutuwar fuju'a ake kiranta. Daga zuciya wata babbar jijiya take fita, ta lanƙwasa a ƙirji, ta gangara ta bayan ciki, daga gare ta sauran jijiyoyi suke rassa. Ana iya kiranta uwar jijiya. A ciki faɗinta wajen santimita 2 ne. Wani lokaci bangonta yakan raunana a wuri guda, ya riƙa kumbura a hankali, kamar yadda tiyub na keke kan tuzgo ta inda taya ta sile. In faɗin ya kai santimita 3, likitoci sukan ce kumburi ya samu. Yawanci ba ya ciwo, mai shi yana cin tuwonsa yana zuwa aiki. Ran da ya fashe kuwa, kimanin mutum 8 cikin 10 ba su tashi, da yawansu ma ba su isa asibiti. Maza tsofaffi ya fi kamawa, shan taba kuma shi ne babban abin da ke jawo shi.

Masanin kimiyyar nan Albert Einstein da wannan cuta ya mutu, kuma labarinsa ya faɗa daidai kan gaɓar da aikin fiɗa ya juya. A Disamba ta 1948 likita Rudolph Nissen ya buɗe cikinsa a New York ya iske kumburin. Ba a san yadda za a yanke shi a maye gurbinsa ba a lokacin, don haka ya naɗe shi da wata 'yar takardar roba mai sheƙi, da nufin jiki ya yi tabo a kewaye ya ƙarfafa bangon. Naɗin ya ba shi fiye da shekara 6. A tsakanin nan, a 1951, Charles Dubost a Faris ya yanke irin wannan kumburi ya dasa guntun jijiyar wani mamaci, majiyyacin ya rayu. Michael DeBakey na Houston kuma ya ɗinka jijiyar ƙyallen Dacron a kan keken ɗinkin matarsa. Ke nan da kumburin Einstein ya soma yoyo a Afrilu ta 1955, akwai aikin da za a iya gwadawa. Aka yi masa tayi, ya ƙi, ya rasu ranar 18 ga wata yana da shekara 76. Daga baya, a 1991, Juan Parodi na Ajantina ya buga bayanin yadda ake zura bututu ta jijiyar matsematsi a shimfiɗa shi a cikin kumburin ba tare da an tsaga ciki ba.

Amma fa gwanintar fiɗa ba ta amfanar wanda bai san yana ɗauke da cutar ba. Saboda haka aka yi wani gwaji a Ingila a kan maza wajen 67,800 masu shekara 65 zuwa 74, aka gayyaci rabinsu a duba cikinsu da na'urar hoton nan da ake duba mai juna biyu. Sakamakon da ya fito a 2002 ya nuna mutuwa ta dalilin kumburin ta ragu da kashi 42 cikin 100 a tsakanin waɗanda aka gayyata. Wani gwajin na 1998 ya riga ya nuna cewa ƙaramin kumburi sa ido ya ishe shi, sai ya kai santimita 5.5 ake maganar fiɗa. Shi ya sa a Ingila ake aika wa namiji takardar gayyata a shekarar da ya cika 65.

Mai sauraro yana da haƙƙin ya tambaya ko abin da aka gano a jikin Turawan Framingham ya shafi mutumin Kano. Hasashe bai isa amsa ba, sai an auna. An kuwa auna. Wani bincike da ake kira SIREN, wanda Mayowa Owolabi na Ibadan da Bruce Ovbiagele suka jagoranta, ya tattara marasa lafiya a asibitoci 15 na Nijeriya da Gana, har da na Kano da Zariya. A 2018 aka buga sakamakon mutum 2,118 da suka shanye, aka gwama kowannensu da wani sa'ansa da bai shanye ba. Kashi 68 cikin 100 toshewa ce, kashi 32 fashewa, alhali a ƙasashen Turai fashewa ba ta cika wuce kashi 15 ba. Matsakaicin shekarunsu 59, watau mutane ne da ke riƙe da gidaje, wasu ba su ma kai ga fansho ba. Hawan jini kuwa yana da hannu a wajen kashi 90 cikin 100. Binciken ya kuma sami cewa ƙarancin cin ganye yana ƙara haɗari, haka nan barbaɗa gishiri a kan abincin da aka riga aka dafa. Abin lura ne ga ma'aikacin da yake ganin zogale da rama abincin ƙauye ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin yini kada ya kai giram 5, watau wajen ƙaramin cokali guda, kuma dunƙulen miya da kanwa duk suna shiga wannan lissafi. A 2019 kuma Dike Ojji na Abuja ya jagoranci gwaji a ƙasashe 6 na Afirka, wanda ya nuna haɗin magani mai amlodifin a ciki ya fi saukar da jinin baƙar fata.

A nan ne maganar ta komo hannun masu nazarin harshe. Kalmar "hawan jini" fassara ce mai kyau, ta kuma karɓu, sai dai a bakin jama'a ta ɗauki wata ma'ana. Akan ji mace ta ce wa ɗanta zai sa mata hawan jini, ko a ce tunani ne ya sa wa wane. Ta haka cutar ta zama 'yar'uwar ɓacin rai, abin da kan taso ya kuma kwanta. Gaskiya ne damuwa tana da nata rabo, SIREN ma ya same ta a cikin jerin. Amma wanda ya ɗauka hawan jini ɓacin rai ne, ran da hankalinsa ya kwanta sai ya ce jinin ya sauka, alhali akasarin masu cutar ba su jin komai ko da lambobin sun kai inda suka kai. Kalmar "magani" ita ma tana da nata tarko, domin a fahimtar Bahaushe magani abu ne da ake sha a warke a ajiye. Wanda likita ya ce masa jininsa ya daidaita, yakan ji kamar an ce ya warke, ya bar ƙwaya da kwalinta a aljihun tebur. Ya kamata masu fassara a rediyo da ma'aikatan asibiti su riƙa cewa maganin yana riƙe jinin ne, in an sake shi ya koma.

Haka nan "iska ta buge shi" magana ce da ke cin lokaci, domin takan sa a fara da hayaƙi da shafe-shafe a gida. Tun 1995 aka tabbatar da wata allura da ke narkar da gudan jinin da ya toshe jijiyar ƙwaƙwalwa, amma ƙa'idar da aka fi bi ita ce a yi ta cikin awa 4 da rabi daga fara alamu. Ba a kuwa yin ta sai an ɗauki hoton ƙwaƙwalwa an tabbata toshewa ce, domin wanda jijiyarsa ta fashe, allurar ƙara masa zubar jini za ta yi. Wannan dalili ne ya sa bai dace a ɗura wa wanda ya faɗi asfirin a gida ba, a ƙasar da kusan mutum 1 cikin 3 na masu shanyewa fashewa ce ta same su.