Lokacin da Marubutan Hollywood Suka Ajiye Alƙalami



A ajinmu na koyon aikin jarida, kullum malamai na nanata mana: rubutu tukuna, sannan kyamara. A shekarar 2023 Amurka ta ga gaskiyar hakan. Marubutan talabijin da fina-finai suka tafi yajin aiki, kusan wata biyar. Nan take shirye-shiryen barkwanci na dare suka tsaya cak. Masu gabatarwa suna nan, kyamarori suna nan, amma babu abin faɗa.

Me marubutan suke nema? Kasonsu daga kamfanoni irin su Netflix. Sannan kada ƙirƙirarriyar basira ta ƙwace musu sana'a. A ganina, na biyun ya fi nauyi. A watan Satumba aka daidaita: na'ura ba za ta amsa sunan marubuci ba, kuma ba za a tilasta wa kowa aiki da ita ba.