Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya

Karatu: 1 Tarihi 25:1-8 da 1 Sama'ila 16:14-23

Maganata ta yau da matasanmu ce, masu koyon jita, ko piyano, ko ganga domin aikin Ubangiji. Amma iyaye da dattawan ikkilisiya, kada ku kashe rediyo, gama akwai rabonku a ciki.

Akwai wani abu da ya zama ruwan dare a majami'unmu, daga nan ƙasar Roni har Kazaure, Gwiwa da Babura. Ikkilisiya takan yi baiko na musamman, wani ya kawo gero, wata ta sayar da akuya, har a sayo kayan kiɗa. Ranar keɓewa kowa yana murna. Bayan wata uku sai ka tarar ƙura ta rufe su a sito. Ba mai taɓa su sai ranar Asabar da yamma, sa'an nan yara su taru suna neman su koyi cikin sa'a biyu abin da za su kaɗa wa jama'ar Allah da safe. Ran Lahadi kuwa mai piyano ya kama wata murya, jama'a sun kama wata, tsofaffin da suka san waƙar tun suna ƙanana sai su yi shiru, su rufe Littafin Waƙoƙi. Wannan shirun shi ne ya dame ni. Kiɗan da aka sayo domin ya taimaki sujada ya zama shi ne ya hana mutane yabon Allahnsu.

Bari mu duba yadda aka yi a zamanin Dawuda. Sura 25 ta littafin Tarihi na fari ta nuna mana an keɓe 'ya'yan Asaf, da na Heman, da na Yedutun domin kiɗa a gidan Ubangiji. An ƙidaya su, mutum 288, aka raba su kashi 24, kowane kashi mutum 12. Aya ta bakwai ta ce horarru ne. Ku lura da wannan. Lawiyawa ne, an haife su cikin aikin, Allah ne ya zaɓe su, duk da haka sai da aka hore su. Aya ta takwas kuma ta nuna da aka zo jefa ƙuri'a, an haɗa babba da yaro, malami da almajirinsa. Ashe har a Haikali akwai mai koya, akwai mai koyo. Idan kun koma sura 9 aya 33 za ku ga an ɗauke wa mawaƙa sauran ayyuka, domin nasu aikin ba ya yankewa dare da rana.

Wani zai ce, "Fasto, ai baiwa ce. Idan Ruhu ya sauko, hannu zai tafi da kansa." Ɗan'uwa, baiwa iri ce. Wane manomi ne a cikinmu aka ba shi iri mai kyau, ya zuba a rumbu, ya zauna yana jiran kaka? Sa'ad da mugun ruhu yake wahalar da Saul, aka ce a nemo gwanin kiɗa, wani bara ya ce ya san ɗan Yesse mutumin Baitalami. Ya ambaci gwanintarsa, ya kuma ambaci cewa Ubangiji yana tare da shi. Abu biyun nan tare suka zo. Ina kuwa Dawuda ya sami gwanintar? Ba a fāda ya koya ba, da ita ya zo. Makiyayi ne shi, kuma duk wanda ya taɓa kiwo ya san tsawon yini a daji. Littafi bai ba mu labarin waɗannan kwanaki ba, amma da ba su, da ba wanda zai tuna da sunansa ran da sarki ya shiga wahala.

Mu Hausawa ma ba baƙin wannan ba ne. Ɗan makaɗi yakan fara da ɗaukar wa ubansa kalangu, yana ji, yana kallo, shekara da shekaru kafin a bar shi ya kaɗa a gaban taro. Marigayi Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, da kuntigi ya yi suna, ɗan ƙaramin abu mai tsirkiya ɗaya tak. Idan mutum zai ba da ransa ga tsirkiya ɗaya har duniya ta san shi, ina hujjar mai tsirkiya shida da yake cewa Sarkin sarakuna yake yi wa kiɗa?

To, yaya za a yi? Ka ɗaura koyonka a jikin wani abu da ka riga ka saba yi kullum. Idan kuna yin addu'ar safe a gida, da an ce amin, ɗauki jitarka kafin ka ɗauki fartanya. Wanda ya ce sai ya sami sukuni, ba zai samu ba. Minti goma sha biyar ya isa a farko. Na san za ka raina shi, amma minti goma sha biyar kowace rana ya fi sa'a uku ran Asabar, domin hannu ba ya koyo da yawa a zama ɗaya, da maimaici yake koyo, ya kwana, ya tashi, ya sāke. Mai koyon jita zai ji kan yatsunsa suna zafi a makonnin farko. Idan ya daure, fatar takan yi kanta, zafin ya wuce. Idan ya ajiye na 'yan makonni, kantar ta tafi, sai ya sāke biyan kuɗin da ya riga ya biya. Ku tuna da manna a jeji, Fitowa sura 16: kowace safiya ake fita a tara na ranar.

Cikin minti goma sha biyar ɗin nan, kada ka yi ta kaɗa abin da ka riga ka iya don ya yi maka daɗi a kunne. Fara da daidaita tsirkiya, gama zafin bazara da iskar hunturu suna sauya ta, kuma daidaitawar kanta tana koya wa kunnenka. Sa'an nan ɗauki waƙa ɗaya ta mako, ka nemi wurin da kake tuntuɓe, ka tsaya nan. Yi shi a hankali ƙwarai, har ka ji kunya don jinkiri. Abin da hannu ya maimaita da kuskure, kuskuren zai riƙe, kuma cire shi ya fi koyon sabo wuya. In kana da waya, ɗauki kiɗanka ka saurara. Ba ta jin nauyinka yadda abokanka suke ji.

Damina ita ce babbar jarrabawa. Ka dawo daga noma jiki ya mutu, hannu ya yi tauri. A irin wannan rana minti biyar ma ka yi, don dai igiyar kada ta tsinke. Idan kuwa ta tsinke kwana ɗaya ko biyu, kada Shaiɗan ya ce maka ka riga ka fāɗi, kashegari ka ɗauka daga inda ka tsaya. Ran da ba wuta, mai piyano yana iya bin yatsunsa a kai ba sauti, yana rera waƙar da baki. Ku kuma kula da maƙwabta. Da yawanmu muna zaune katanga ɗaya da 'yan'uwanmu Musulmi, ba kyau ka tsiri buga ganga daidai lokacin sallarsu, ko sa'ad da mara lafiya yake barci.

Yanzu ga naku, dattawa. Idan kun kulle kayan kiɗa daga Lahadi zuwa Lahadi don tsoron lalacewa, ku ne kuka hana yaran nan koyo, kada ku zarge su. Ku sa mutum ɗaya mai aminci ya riƙe mabuɗi, a yanka lokaci kowace yamma. Iyaye kuma, na san a al'adarmu ana haɗa kiɗa da roƙo, har wani uba yakan ji nauyi a ce ɗansa makaɗi ne. Dawuda sarki ne, bai ji wannan nauyi ba. Kada ku aiki yaro kasuwa daidai lokacin da ya keɓe domin koyo.

Ku kuma 'yan Zumuntar Mata, iyayenmu, ku da kuka riƙe tulu da kacau-kacau shekaru masu yawa ba takarda a gabanku, muryoyin waƙoƙi da dama a bakinku kaɗai suka rage. Ku jawo 'yan mata kusa tun kuna da ƙarfi. Ku kuma samari masu piyano, ku je ku zauna gaban waɗannan tsofaffi, su rera, ku bi su da yatsa har ku sami muryar da suke kamawa, maimakon ku tilasta musu su bi taku.

Mako mai zuwa, in Ubangiji ya yarda, za mu duba Kenaniya shugaban mawaƙa a 1 Tarihi 15:22. Ku karanta surar duka kafin lokacin. Ku huta lafiya.