Farfaɗiya da Aibin da Ido Bai Gani



Tambaya guda ta tsayar da ni gabanku yau: idan likita ya duba hoton ƙwaƙwalwar mai farfaɗiya ya ce bai ga kome ba, shin babu komen ke nan?

Tun wajen shekara 400 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam, likitocin Girka suka rubuta cewa tushen wannan cuta yana cikin ƙwaƙwalwa. Ibnu Sina ya bi sawunsu, ya ce toshewa ce a cikinta. Amma duk hasashe suka yi. Ko bayan 1929, da Hans Berger na Jamus ya bayyana na'urar auna lantarkin ƙwaƙwalwa, in ba a sami ƙari ko tabo ba sai a rubuta cewa ba a san sanadi ba.

A 1971 ne al'amarin ya sake. David Taylor da abokan aikinsa a Ingila suka ba da bayanin majinyata 10 waɗanda aka yanke wa ɗan yankin ƙwaƙwalwa. A ido, naman kusan lafiya lau. Ƙarƙashin madubin likita kuwa sai ga ƙwayoyin jijiya manya-manya, karkatattu, sun bar sahunsu, alhali ɓawon ƙwaƙwalwa hawa shida ne a jere. Tun jariri na ciki aka sami kuskuren, wato kamar magini ya karkata tubali a tsakiyar katanga, yaɓe ya rufe. Na'urar MRI ta zo ta tona da yawa daga cikin irin wannan aibi, har aka kasa shi gida uku a 2011, amma har yau wani yana kuɓuce mata.

Kada a fahimce ni a baibai. A ƙasarmu wahalar haihuwa da sanƙarau da zazzaɓin cizon sauro su ma suna barin farfaɗiya, kuma yawancin masu ita ƙwayar magani na riƙe su. Abin da ke damuna shi ne uban da ya sayar da akuyoyinsa ya kawo 'yarsa Sakkwato, aka ce masa hoto bai nuna kome ba, ya koma gida da yaƙinin iskoki ne, ya daina ba ta magani, maneminta kuma ya janye. Irin wannan aibi yakan gagari ƙwaya, amma tiyata ta warkar da da yawa. Ga sashen tiyatar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Wanda ya sha magani iri biyu bisa ƙa'ida bai daina faɗuwa ba, a mai da shi wurin likita a sake bincike.