Ciwon Maraina da Raunin Gaba ga Sabon Ango

Ina gaishe da iyayenmu hakimai da dagatai da masu unguwanni na ƙasar Gaya da Ajingi, da malamanmu limamai, da jami'an Hisbah, da 'yan'uwana ma'aikatan lafiya, da matasan da suka cika bayan ɗakin nan. Ina neman afuwar manya, domin abin da zan faɗa ba a saba faɗarsa a gaban iyaye ba. Malamai sun koya mana cewa kunya ba ta hana tambaya a kan abin da ya shafi addini da lafiya, kuma aure ya haɗa duka biyun.

Koke biyu ne ke zuwa tare daga bakin sabon ango, idan har ya iya buɗe bakin: marainansa na ciwo, kuma gabansa ya ƙi ba shi haɗin kai. Abin da na lura da shi shi ne mun juya lissafin. Ciwon maraina, wanda wani lokaci awoyi ne kawai tsakanin ceto da asara, shi muke wa haƙuri har kwana uku. Raunin gaba kuwa, wanda sau da yawa haƙuri ne rabin maganinsa, shi muke wa gaggawa tun daren farko.

Bari in fara da mai gaggawar. Kowane ƙwan maraina yana rataye ne da wata igiya da ke ɗauke da jijiyoyin jini. Wani lokaci ƙwan yakan juya, igiyar ta murɗe kamar igiyar guga, jini ya daina isa gare shi. Ciwon yakan zo farat ɗaya, mai tsanani, a gefe guda, sau da yawa cikin barci ko da asuba, tare da tashin zuciya ko amai, kuma za ka ga ƙwan ya ɗage sama fiye da ɗan'uwansa. Ya fi kama 'yan shekara 12 zuwa 18, amma yana samun ɗan ashirin da 'yan kai, wato sa'ar angwayenmu. Idan aka yi aiki cikin awa 6, wajen tara cikin goma ana ceto ƙwan. Idan aka wuce awa 24, da ƙyar ake ceto ɗaya cikin goma, sai dai a cire shi.

Ku yi lissafin nan da ni. Yaro yana wani ƙauye a Ajingi, ciwo ya tashe shi ƙarfe biyu na dare. Ya danne har gari ya waye saboda kunyar mahaifinsa. Da hantsi aka kai shi kemis, aka yi masa allurar kashe zafi, aka ce sanyi ne. Kafin a nemi mota zuwa Babban Asibitin Gaya, ko a bi ta Wudil zuwa Asibitin Murtala ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, awoyin nan shida sun daɗe da wucewa. Nisan hanya yana cikin matsalar, amma mafi yawan lokacin a gida ake ɓata shi. Ina roƙon masu kemis da ke zaune a nan, don Allah, saurayin da ya zo muku da irin wannan ciwo kada ku riƙe shi ko na rabin awa. Ku tura shi inda ake tiyata.

Akwai ciwon da ke taruwa a hankali cikin kwana biyu ko uku, da zazzaɓi, da zafin fitsari, wani lokaci da farin ruwa daga gaba. Wannan ƙwayoyin cuta ne, kuma ga matashi sau da yawa ta saduwa ake ɗaukarsu. Yana jin magani idan aka yi gwaji aka sha cikakke, miji da mata tare. Idan ango ya sha shi kaɗai a ɓoye, zai sake ɗauka daga amaryar da shi ne ya sa mata, ita kuma cutar na iya toshe mata hanyar ƙwai, shekara uku a gaba a ce ita ce ba ta haihuwa. Na ga matan da aka ɗora wa wannan laifi, kuma abin yana ci mini rai. Sauran musabbabai sun haɗa da hangum idan ya kama baligi, da kaba, da gwaiwa, da kumburin jijiyoyi wanda ya fi yawa a hagu, mai sa nauyi bayan yinin gona. Mu da muke kusa da kogin Wudil da fadamun noman rani kada mu manta da tsargiya, wadda kan sa jini a fitsari har ma a maniyyi. Ƙullutu mai tauri a jikin ƙwan, ko ba ya ciwo, a kai wa likita.

Akwai kuma nauyin da saurayi kan ji a marainansa idan sha'awa ta motsa ta daɗe ba a samu biyan buƙata ba. Jini ne ya taru, yakan sauka da kansa cikin ɗan lokaci, ba ya lalata komai.

Yanzu ga na biyun. Tashin gaba aikin jini ne: jijiyoyi su saki, jini ya shiga ya cika. Abin da ke sakin su natsuwa ce. Tsoro kuwa yana sa jiki ya fitar da sinadarin da ke matse su, irin wanda ke sa zuciya bugu idan mutum ya firgita. To ku dubi halin angonmu. Ya yi mako yana ɗawainiyar biki ba barci, bashin lefe na wuyansa, abokai sun rako shi sayen baki suna ta zolaya, gobe kuma zai haɗu da idanunsu. Yarinyar da ke gabansa ita ma a tsorace take. Idan abin ya ƙi a daren nan, washegari zai shiga ɗaki yana sa wa kansa ido, fargabar jiya ta haifar da gazawar yau. Idan kuma marainansa na ɗan ciwo, tunanin ciwon kaɗai ya isa. A nan ne ake fara cewa an ɗaure shi, a zargi tsohuwar budurwa ko kishiyar uwa, zumunci ya ɓaci a kan abin da makonni kaɗan na kwanciyar hankali za su warware.

Tambaya ɗaya muke fara yi a asibiti: idan ka farka da asuba, gabanka na tashi? Idan amsar i ce, galibi jijiyoyi da jini lafiya suke, matsalar tana cikin damuwa. Idan ya daina ko da asuba, kuma abin ya ɗauki watanni, sai mu auna suga da hawan jini, mu tambayi taba da magungunan da yake sha. Ga magidanci mai ƙarin aure yana da shekara 45 ko 50, raunin gaba kan zama alamar farko ta ciwon suga ko toshewar jijiyoyin zuciya, shekaru kafin ciwon ƙirji ya bayyana.

Ina da magana da abokan ango. Gudunmawar da kuke kaiwa a aljihu, ta ƙwaya ko ta kwalbar mai lasifika a kasuwa, tana cutarwa. Viagra, wadda aka amince da ita a Amurka a 1998, magani ne na gaskiya mai ƙa'ida. Idan ta haɗu da maganin ciwon zuciya da ake sawa ƙarƙashin harshe, jini na iya faɗuwa har a rasa rai. An sha gano sinadarinta a ɓoye cikin haɗe-haɗen da ake sayarwa da sunan na gargajiya, ba tare da mai sha ya san adadin ba. Tramol kuma, da samari ke sha don jinkiri, a hankali yana kashe sha'awar da ƙarfin gaba ɗaya. Gaban da ya miƙe ya ƙi kwanciya har awa 4, asibiti za a nufa a take, musamman ga mai sikila, domin jinkiri na iya kashe shi har abada.

Malamanmu sun fi ni sanin cewa a mazhabar Malikiyya, kamar yadda ya zo a Risala ta Ibn Abi Zaid, mijin da ya kasa kusantar matarsa ana ba shi wa'adin shekara guda kafin a yi batun rabuwa. Shari'a ta ba da wata goma sha biyu, mu kuwa iyaye mukan yanke hukunci kafin a yi buɗar kai. Ita ma amarya tana da haƙƙi, ba a ce ta yi shiru har abada ba. A yi mata bayani cewa ba ƙinta yake ba, a kuma bar ta ta raka shi asibiti idan ya yarda. Wanda ya wuce ƙarfin asibitin Gaya, akwai cibiyar Abubakar Imam da ke Kano, wadda aikinta ke nan, mafitsara da al'aurar maza.

A 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar gwajin lafiya kafin aure, wadda ta wajabta gwajin ƙanjamau da ciwon hanta da sikila. Ma'anarta, kowane ango a Gaya da Ajingi zai tako asibiti da ƙafarsa kafin ɗaurin aure. Roƙona ga shugabannin asibitocinmu shi ne kada a miƙa masa takarda kawai ya tafi. A samu ma'aikaci namiji ya zauna da shi minti goma a ɗakin da ake rufe ƙofa, ya auna masa suga da hawan jini, ya gaya masa wane ciwo ne ba a kwana da shi, ya kuma shaida masa cewa daren farko kan zo da tangarɗa ga maza da yawa masu cikakkiyar lafiya. Limamai kuma, idan waliyyai suka kawo muku takardar gwaji, ku tambayi angon ko an yi masa wannan zaman.