Tanadin Ingirici Tun Ciyawa Tana Ɗanya



Duk wanda ya tashi a karkara daga cikinmu ya san halin da shanu kan shiga idan bazara ta tsananta. Saniyar da ta fito daga damina tana sheƙi, kafin watan Afrilu ana iya ƙirga haƙarƙarinta. Nono ya ƙafe, maraƙi ya rame, mai ita ya kai ta kasuwa ya sayar a wulaƙance. Dattawanmu ba su manta da farin 1972 zuwa 1974 ba, wanda ya halaka dabbobi da yawa. To, amma asarar da muke so mu duba yau ita ce wadda ake yi kowace shekara ko da ba a yi fari ba, domin maganinta yana hannunmu, wato a yanke ciyawa tana ɗanya, a shanya ta a rana, a adana ta. Wannan shi ake kira ingirici.

Wani zai ce ai daji cike yake da busasshiyar ciyawa da rani. Haka ne, sai dai wadda ta bushe a tsaye ta riga ta rasa amfaninta. Gamba ko kyasuwa tana ƙarama, sinadarin gina jiki da ke cikinta yakan kai kashi 10 cikin ɗari, amma idan ta zubar da iri ta bushe sai ya sauko zuwa kashi 2 ko 3. Ita kuwa saniya tana bukatar kimanin kashi 7 don kada ta rame. Ragowar ciyawar kuma gobarar daji ce kan cinye ta.

Saboda haka lokacin yanka shi ne ginshiƙin aikin. A sa lauje yayin da ciyawa ta fara fid da kai, wajen ƙarshen damina, a ranar da gari ya waye babu hadari, bayan raɓa ta bushe. A baza ta, kada a tara ta da kauri, a riƙa juya ta har kwana 2 ko 3. Ɗanyar ciyawa kusan kashi 75 cikin ɗari ruwa ce, ana so ya koma wajen kashi 15. Idan an murɗa ta ba ta fid da danshi ba, kuma da sauran kore a jikinta, to, ta yi. In aka bar ta a rana har ta yi fari, ta rage daraja. In aka tara ta da danshi, sai ta yi zafi ta yi fumfuna. Harawar wake da ta gyaɗa da gadagi kuwa, a ɗaure su dami-dami da sassafe, don kada ganyen ya kakkaɓe, domin a ganyen amfanin yake. Daga nan a ɗora bisa rumfa ko cikin rumbu, inda ruwa da gara ba za su kai gare su ba.

Mu yi lissafi. Saniya mai nauyin kilo 250 takan ci kimanin kilo 6 na busasshen abinci a yini. A wata 6 na rani ya haura kilo 1,000 ke nan, kuma harawar gona ɗaya ba ta isar garke.

'Yan'uwa, iyayenmu sun daɗe suna ajiye harawa a bisa soro da rassan itatuwa, masana kuma a cibiyar binciken kiwon dabbobi ta Shika, kusa da Zariya, sun yi aiki a kan gamba da lablab. Mu da muka sami ilmi, wasunmu kuma za su zama malaman gona da jami'an ƙananan hukumomi, mu ya kamata mu haɗa sanin ɓangarorin nan biyu. Hausawa sun ce mai kwarmin ido da wuri yake fara kuka. Idan mun koma gida hutu, mu taya iyayenmu yankan ciyawa tun tana ɗanya.

Allah ya ba mu damina mai albarka. Wassalam.